Cikina wata takwas, wane likitan yara zan riƙe?

Mai Jiran Rana: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Cikina ya shiga wata takwas, kuma na fari ne. Jiya a wurin awo ungozoma ta tambaye ni ko mun tsayar da likitan da zai riƙa duba jaririn, na yi tsuru-tsuru. Ni a zatona sai yaro ya kwanta ciwo ake neman likita. Maigida ya ce a bari sai an sauka lafiya tukuna. To yanzu mutum biyu aka ambata mini. Ɗaya babban ƙwararre ne, kowa yabonsa yake, amma yana da nisa, kuma an ce sai a yi sati biyu ana jiran ganinsa. Ɗayar mace ce, ba ta kai shi suna ba, amma tafiyar minti goma ce daga gidanmu zuwa asibitin da take aiki. Don Allah ku da kuka riga ni, me ake dubawa? Ina neman shawara.

Ƙanwar Kowa: Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya, Anti. Amma a zauren masu jego a daina cewa ana neman shawara, kada jariri ya ji ya ɗauka ciwon ake kira 😂

Baban Uku: Allah ya sauke ki lafiya, ƙanwata. Ni ba na tsawaita magana. Ki je wurin babban. Ba a banza mutane ke yin layi a ƙofarsa ba. Nisa ba komai ba ne in dai lafiyar ɗanki ce, kuma wanda ya ga yara dubu ba ɗaya yake da wanda ya ga ɗari ba.

Maman Tagwaye: Baban Uku, da girmanka, amma kai ba ka taɓa rungumar jariri ƙarfe biyun dare jikinsa kamar garwashi kana neman abin hawa ba. Nisa shi ne komai a wannan lokacin.

Baban Uku: Na taɓa, Hajiya. Ni ne direban.

Maman Tagwaye: To ai ka san abin da nake nufi ke nan 😄 Bari in ba ki labarina, 'yar'uwa, ki ɗauki abin da zai amfane ki. Lokacin da na haifi tagwayena an sallame mu kwana ɗaya da haihuwa, aka ce kowa lafiya. A kwana na uku na ga namijin barci kawai yake, in na sa shi a nono ya ɗan ja sau biyu uku ya sake. Kowa a gidan murna yake wai yaro mai haƙuri. Da safe na kai shi bakin taga zan canja masa kaya, sai ya buɗe ido, na ga farin idon nan ya koma ruwan ɗorawa. Na danna kan hancinsa da yatsa na ɗaga, wurin ya yi rawaya. Muka kira inda na haihu, wadda ta ɗauki wayar ta ce in riƙa fitar da shi hantsi, zai washe. Hankalina bai kwanta ba. Wata likitar yara ce kusa da mu, ban taɓa zuwa wurinta ba, muka je a ranar. Ba ta tsaya kallon ido ba, ta sa aka ɗebi jininsa aka auna. Kafin la'asar yana kwance tsirara sai kunzugu, an rufe masa ido, a ƙarƙashin shuɗiyar fitilar nan. Kwana biyu ya yi a ciki. Ta ce mini da mun ƙara kwana biyu a gida, da sai dai a yi maganar canja masa jini. Da layin sati biyu na shiga, ban san me zan tarar ba. Yau shekararsa shida, surutu kamar rediyo.

Mai Jiran Rana: Innalillahi. Jikina har ya yi sanyi. Ashe hantsin ba magani ba ne?

Nas Mai Ritaya: Ba magani ba ne, 'yata, kuma yana iya ƙona fatar jariri ko ya busar da ruwan jikinsa. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin jarirai, bari in sa baki.

Shawara, wato wannan rawayar ido da fata, ba baƙon abu ba ce. Kusan shida cikin jarirai goma da suka cika watanninsu suna yin ta a satin farko, bakwaini kuwa kusan takwas cikin goma. Mafi yawa tana wucewa da kanta. Matsalar ita ce ido ba ya iya bambance mai wucewa da mai taɓa ƙwaƙwalwa, musamman a fata mai duhu, sai an auna. Kuma takan kai ƙarshen ƙarfinta tsakanin kwana na uku da na biyar, wato daidai lokacin da uwa ta riga ta koma gida. Wannan kaɗai ya isa amsar maigidanki da ya ce a bari sai an sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, a sake dubawa a kwana na uku, sai tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai kuma a sati shida. Dubi yadda uku daga ciki suka cunkushe a sati biyun farko. Dalili kuwa, kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ake rasawa a watan farko, a satin farko ake rasa su. To yaushe mai ɗanyen jego, ga ɗinki ga rashin barci, za ta fara yawon neman likita? Yanzu da kike da ƙafafunki ake yin wannan aiki.

Baban Uku: Mama, na ji, kuma na karɓa. Amma har yanzu ba ki ce ƙaramar ta fi babban ba.

Nas Mai Ritaya: Ban ce ba, Malam, don ban san ko ɗaya a cikinsu ba. Abin da na sani shi ne babban yana da ranarsa. In jariri bakwaini ne, wato ya zo kafin sati 37, ko an ga matsalar zuciya, ko sikila, ko wani abin da ke son ƙwararre na musamman, sai a bi shi ko ina yake. Amma yaron da ya zo lafiya, abin da yake bukata shi ne wanda zai gan shi yau in an kira yau. Likita nagari kuma ya san iyakarsa, shi da kansa zai rubuta takarda ya tura ki wurin babban. Wanda ba ya taɓa cewa "wannan ya fi ƙarfina" shi nake tsoro.

Uwargida Ran Gida: Ni dai ku bar ni da abin da na gani da idona. Akwai likita mai hannu, akwai mara hannu. Na taɓa kai 'yata tana mura da tari wurin wani, ya duba ta sama da ƙasa, ya sa abin sauraron nan a ƙirji da baya, ya leƙa kunne, wai in ci gaba da ba ta nono, in ɗiga mata ruwan gishirin hanci na kemis, in dawo in numfashinta ya canja. Ko ƙwaya ɗaya bai rubuta ba! Na biya kuɗin ganin likita na fito hannu rabbana. Washegari na kai ta wurin wani, ya rubuta magani kala huɗu har da allura, kwana uku ta warware. Ki nemi mai hannu, ƙanwata.

Maman Tagwaye: Yaya, ba don raini ba, da kin zauna a gida ma kwana ukun nan za ta warware.

Uwargida Ran Gida: Ke kika sani? Ke likita ce?

Maman Tagwaye: A'a, amma na yi renon biyu a lokaci guda, mura ta zama 'yar gida.

Nas Mai Ritaya: Uwargida, kada ki ji haushi, domin abin da kika faɗa shi ne ra'ayin iyaye da yawa, kuma shi ya sa wasu likitocin ke rubuta abin da su kansu sun san ba a bukata, don kada uwa ta fita tana cewa ba su iya aiki ba. Mura bairos ne ke kawo ta. Antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa, ba ya yi wa bairos komai. Ƙaramin yaro yakan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara. In kowace mura sai an ɗura masa antibayotik, ga gudawa, ga ƙuraje a wasu yaran, kuma ƙwayoyin cutar da ke jikinsa suna koyon jure maganin, ranar da ciwon gaske ya zo sai a ba shi ya ƙi ci. Maganin tari da mura na kwalba kuma, tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara biyu ba.

Ki sake karanta abin da kika rubuta da hannunki. Na farkon ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya duba kunne, ya gaya miki alamar da za ki gani ki dawo. Na biyun fa, ya cire mata riga?

Uwargida Ran Gida: Gaskiya ban tuna ya cire ba. Yana rubutu ina magana.

Nas Mai Ritaya: To kin gani.

Uwargida Ran Gida: Na gani, Mama, amma ni dai zuciyata ba ta kwanciya in na fito babu leda a hannu. Ba zan yi ƙarya ba.

Ƙanwar Kowa: Wallahi ni ma haka nake, Yaya 🙈

Malamar Firamare: Sannunku. Ni abin da na yi kafin haihuwata ta biyu, na je na ga likitar tun ina da ciki, na ce tambayoyi kawai na zo yi. Wasu asibitocin suna yarda da haka. Na tambaye ta wa zan kira in abu ya taso da dare ko ranar hutu, in ta yi tafiya wa ke riƙe mata marasa lafiyarta, kuma in aka ce sai an kwantar da jariri, suna da fitilar shawara da iskar oksijin da kwalbar bakwaini a nan, ko tura mu za a yi, kuma ina. Amsoshin sun yi amfani, amma abin da ya fi yi mini amfani shi ne zaman da na yi a ɗakin jira kafin a kira ni. Na ga yadda ta ƙofa ke yi wa iyaye magana. Na ga an ware gefe guda na masu zuwa awo da rigakafi, ba a cakuɗa jariri ɗan kwana biyar da yara masu tari ba. Na ga sikelin jarirai an shimfiɗa masa sabon ƙyalle bayan kowane yaro. Da na shiga kuma, ina kallo ta wanke hannu kafin ta zauna. Likita na iya shirya amsa mai daɗi, amma ba zai iya shirya ɗakin jiransa saboda ke ba.

Sannan ki tabbatar likitan yara ne na gaske. Bayan digirin likitanci akwai wasu shekaru na horo a kan yara kaɗai, kuma kowace ƙasa tana da hukumar da ke rajistar likitoci. Ba rashin kunya ba ne a tambaya.

Baban Uku: Wannan ta ƙarshen na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ba duk mai farar riga da ya rataya hoton jariri a bango ba ne likitan yara. Kuma a tambayi maganar kuɗi da inshora tun da wuri, domin ba zuwa ɗaya ba ne. A shekarar farko za ku yi ta sintiri.

Sabon Ango: Ku gafarce ni, ni baƙo ne a nan, matata ce ke da ciki. Ni ina neman likitan da ba zai matsa mana da rigakafi ba. Na ga bidiyo da yawa a kan illarsa, an ce yana jawo wa yara matsalar ƙwaƙwalwa. Jariri ɗan kwana ɗaya a fara huda shi da allura?

Maman Tagwaye: Tofa. An zo wurin.

Mai Kula da Zaure: A amsa masa da mutunci don Allah. Tambaya ya yi.

Nas Mai Ritaya: Ɗana, gara da ka tambaya a fili. Maganar nan tana da asali. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya buga rahoto a mujallar Lancet a kan yara 12 kacal, yana danganta rigakafin ƙyanda da lalurar otizim, wato matsalar da ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane. Da aka bincika aka tarar an yi maguɗi a rahoton. A 2010 mujallar ta janye shi, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita. Bayan nan an bi yara masu ɗimbin yawa a ƙasashe daban-daban, ba a ga wata alaƙa ba. Amma bidiyon bai mutu ba, kullum sai an sake masa riga.

Allurar ranar farko da kake jin tausayi, kowace da dalilinta. Ta ciwon hanta ana so a yi ta cikin awa 24, domin uwa na iya ɗauke da cutar ba ta sani ba, kuma jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa shi ya fi zama da ita har girma. Bitamin K ba ma rigakafin cuta ba ne, yana hana zubar jini ne, har da na cikin ƙwaƙwalwa, don jarirai da kaɗan suke zuwa da shi. A ƙasashen da tarin fuka ke da yawa ana ƙara BCG. Sauran kuma suna bin jadawalin ƙasarku, wasu a sati 6 da 10 da 14, wasu a wata 2 da 4 da 6. Ni na yi jinyar jariri mai tarin shiƙa, na ga yadda yake tari har ya shiɗe leɓensa ya canja launi. Ba na fatan ka gani.

Ka nemi likitan da zai zauna ya amsa maka kowace tambaya ba tare da ya yi maka kallon jahili ba. Amma wanda zai ce maka "duk yadda kake so" don kada ka gudu, wannan kuɗinka yake so.

Sabon Ango: Na gode, Mama. Ban ce na gamsu gaba ɗaya ba, amma zan je da tambayoyina.

Nas Mai Ritaya: Ka rubuta su a takarda. A gaban likita mantuwa ake yi.

Mai Jiran Rana: Mama, tunda kina kusa, wane abu ne in na gani ba zan jira wayewar gari ba? Ni tsorona kada in riƙa damun likita a kan abin da ba komai ba, ta gaji da ni.

Nas Mai Ritaya: Likitan da zai gaji da mai haihuwar fari ba naki ba ne. Ki sayi ma'aunin zafin jiki tun yanzu, ki daina dogara da bayan hannu. Jaririn da bai kai wata uku ba, in zafinsa ya kai 38, asibiti kai tsaye, kada ki ba shi farasitamol ki ce bari ki gani. In jikinsa ya yi sanyi ƙasa da 35.5, shi ma haka. In ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi sai an tashe shi da ƙyar, ko jijjiga, ko amai kore, ko cibiya ta yi ja tana wari. Numfashi kuma ki ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru, ki ƙirga minti ɗaya cur da agogo. In ya kai 60 ko ya wuce, ki sake ƙirgawa, in haka ne ku tafi, haka in kin ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki sosai. Shawarar da ta fito a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, ko ta wuce sati biyu, musamman in kashinsa ya yi fari-fari, ba a kwana da ita.

Abin da ba zai tayar miki da hankali ba kuma: zai rage nauyi a kwanakin farko, har kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin haihuwarsa, ya mayar da shi wajen sati biyu. Daga kwana na biyar in yana jiƙa kunzugu shida a yini, nono na isarsa, ko da wani ya ce miki bai ƙoshi ba. Kukan yamma da ba a san dalilinsa ba yakan tsananta wajen sati shida, ya lafa a wata uku zuwa huɗu.

Uwargida Ran Gida: Wannan kukan ne ya sa na kusa haukacewa a kan ɗan farina. Babu wanda ya gaya mini yana da ranar ƙarewa.

Malamar Firamare: Ki lura kuma ko likitar tana cike katin awo. Nauyi, tsawo, da zagayen kai, kowane zuwa, ta ɗiga a kan layin nan ta nuna miki. Tawa har juyo mini da katin take yi ta ce "kin ga inda yake wancan watan, ga inda yake yau." Awo ɗaya ba ya faɗin komai, sai an jera su. Shi ya sa yawon canja likita kowane wata yake da illa, babu wanda ya san yaron.

Baban Uku: Amma in an ga ba daidai ba a canja. Ba aure ba ne.

Maman Tagwaye: Yau dai mun haɗu a magana ɗaya, Alhaji.

Mai Jiran Rana: Iyayena, na dawo da rahoto. Yau da safe muka je wurin ta kusa ɗin, ni da maigida, bayan na karanta masa labarin Maman Tagwaye ya yi shiru. Mun jira kamar minti arba'in. Da muka shiga na fito da takardata, tambaya tara, ina jin kunya, sai ta miƙo hannu ta karɓa ta bi su ɗaya bayan ɗaya da biro. Suna da fitilar shawara da oksijin, amma ba su da kwalbar bakwaini, ta faɗi haka ba ɓoye-ɓoye, ta kuma faɗi asibitin da suke turawa. Abin dariya, babban likitan nan da aka ambata mini, a can yake, kuma ta ce shi ya koyar da ita. Da dare akwai likita mai kwana, ba lallai ita ba. Ta tambayi rukunin jinina da na maigida da kuma jinotayif ɗinmu, ta ce tunda ni O ce shi kuma B, za ta so a sa ido a kan shawara tun ranar farko, kuma in kawo jaririn a kwana na uku ko da lafiyarsa ƙalau. Abu ɗaya da bai yi mini ba, tana da saurin magana, sai da na ce ta maimaita sau biyu. Ta maimaita kuwa.

Baban Uku: To ai shi ke nan, kin samu ɗalibar babban. Ni ma ban faɗi ƙasa ba 😄

Nas Mai Ritaya: Tambayar rukunin jinin nan ta burge ni. Ki sa lambar asibitin a wayarki da ta maigida, ki kuma rubuta ta a jikin katin awo, don waya na mutuwa. Kin sayi ma'aunin zafin?

Mai Jiran Rana: Na saya, Mama, na lantarki. A hammata ake sawa ko?

Nas Mai Ritaya: A hammata, fata ta taɓa fata, ki riƙe hannunsa a jikinsa har ya yi ƙara. Ki gwada a kan maigida yau da dare don hannunki ya saba.